Mota na shan mai da baƙin hayaƙi: abubuwan da zaka duba kafin ka sayi sensa

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, duk mai tsohuwar mota ya koma kallon allurar mai da wani ido daban. Da can in mota tana sha sai kace ai tsufa ne, ka ƙara lita biyar ka wuce abinka, yanzu kuwa lita biyar ɗin nan cefanen gida ce guda. Abin da yake min ciwo shine yadda mutum zai kai motarsa gareji tana baƙin hayaƙi tana fizga, tun ba'a ɗaga banet ba an yanke hukunci wai sensa ce, a tura yaro kasuwa ya kawo beljiyam a ɗaura, kwana uku ciwon ya dawo, ace to ai ɗayar ce, a haka zaka canza sensa uku da nozul huɗu (masu fesa wa inji fetur) har a fara maganar biren bos, wato kwamfutar mota, alhali babu wanda ya auna komai. Na sha wannan wahalar da tawa Camry ta 1999, wadda muke cewa pensul, 'yar Kwatano ce mai inji 5S-FE silinda huɗu, kuma da ita zan riƙa misali, amma hanyar ɗaya ce ko Honda kake hawa ko Corolla.

Ka fara riƙe wannan a ranka ɗan uwa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1 in an auna da nauyi. In fetur yayi yawa sai baƙin hayaƙi da shan mai da warin ɗanyen fetur a salansa, in yayi kaɗan sai mota ta rasa ƙarfi, tayi ta misin, ka taka totur tayi kamar zata mutu kafin ta ɗauka. Biren bos ɗin da ke raba wannan kason makaho ne, 'yan jagora gareshi: mai faɗa masa zafin ruwa, mai faɗa masa yawan iska, mai faɗa masa inda ka kai totur, sai kuma wadda ke salansa tana shinshina hayaƙi. Sau da yawa ɗan jagoran gaskiya yake faɗa, hanyar ce ba kyau. Aikinka shine ka gane ko sensar ce ke ƙarya ko kuwa injin ne da gaske yake da matsala ita kuma tana kawo rahoto.

Da sassafe kafin ka tada motar, murɗa makulli zuwa ON ka tsaya ka kalli dashbod. Dole fitilar cek inji ta kama, in ka tada kuma ta mutu. In bata kama ba kwata-kwata to an cire ƙwan ko ya ƙone, kuma ana yin haka da motocin da ake son sayarwa, kenan motarka zata iya shekara tana kuka baka ji ba. Daga nan buɗe akwatin iya kilina ka ɗaga matatar iskar ka kalli rana ta cikinta, in haske baya wucewa canza ta, bugawa a jikin taya da hura iska baya fitar da ƙurar hunturu da ta riga ta shige cikin takardar. Sai ka kwance filogi huɗun ka jera su a kan kwali yadda suke a inji, kar ka cakuɗa su. Bakin filogi mai lafiya ruwan ƙasa-ƙasa ne kamar shayi da madara. In duka huɗun sunyi baƙi busasshe kamar gindin tukunya, ka goga da yatsa ya fita kamar gari, fetur ne yayi yawa a duk injin, nan ne zaka nemi sensa ko abin da ya shafi kowa. In guda ɗaya ne tak yayi baƙi sauran lafiya, ka manta da sensa tukuna, nozul ɗin wannan silindar ne ke ɗiga ko wayar filoginsa bata kai wuta. In fari fat ne kamar alli fetur yayi kaɗan. In baƙi ne mai maiƙo yana danƙo wannan baƙin mai inji ke ƙonawa, maganar ringi ce ko sil ɗin bawul, hayaƙinsa ma shuɗi-shuɗi ne, babu sensar da zata gyara shi.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya sosai, domin nan ne tawa matsalar ta ɓuya. Tambayi kanka, akwai tamostat a motar nan, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji yayi zafi? Da yawan motocinmu da zarar sun shigo ake cire shi a haɗa fanka dairek, makulli na kamawa fanka na juyawa, wai ƙasarmu da zafi, tamostat na Turai ne. Na fahimci tsoron, duk wanda ya taɓa tsayawa a go-sulo cikin watan Afrilu yana kallon allura na hawa ya san tashin hankalin obahitin. Amma tamostat ɗin Camry ɗin nan wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma an ƙera injin ne yayi aiki tsakanin digiri tamanin da wani abu zuwa casa'in da wani abu, ko a Kano yake ko a Kanada. In ka cire shi ruwa na zagaye lagireto tun daga tashi, fanka na hurawa ba hutu, sai injin ya kasa kai zafin da ake so musamman da safe da lokacin sanyi da kan babbar hanya. Sensar ruwa kuma zata faɗa wa kwamfuta gaskiya cewa har yanzu da sanyi, ita kuma kwamfuta in inji na sanyi ƙara fetur take yi, kamar yadda ake jan cok a tsohon babur, bambancin kawai wannan cok ɗin ba'a sakinsa da wuri. Sensa lafiyarta ƙalau, fetur na tafiya a banza, ragowar da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Zaro difstik ka shinshina, in kaji warin fetur kuma man ya tsinke kamar ruwa to abin ya daɗe yana faruwa.

Gane shi ba wuya. Ka tada mota da safe ka riƙe babban tiyon da ruwan zafi ke bi zuwa lagireto, ka lura da fanka da bel kar su kama maka riga. In akwai tamostat mai aiki tiyon zai daɗe da sanyi sannan ya ɗauki zafi sosai cikin ɗan lokaci, in babu kuwa tun mintunan farko zaka ji yana ɗumi a hankali a hankali. Allurar zafi ma ya kamata ta hau kusan tsakiya ta zauna daram, in tana kwana ƙasa ko tana sauka duk sanda ka hau titi ka sake gudu, ka samu amsa. Ni sanda na gano nawa babu, na sa aka wanke lagireto sosai don ruwan rijiya da na burtsatse da aka daɗe ana zubawa ya tara farin dutse a ciki, wanda shine asalin abin da ya kawo zafin da yasa wani ya cire tamostat ɗin tun farko, aka canza murfin lagireto, aka mayar da fanka kan suwic ɗinta, aka sa tamostat sabo da kulant. Kar ka mayar da tamostat a kan toshasshen lagireto, zaka ƙona gasket. Kuma don Allah kar ka buɗe murfin lagireto inji na zafi.

Sai maganar sikana. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai fil 16 a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu fetur kuma an wajabta musu daga 2001. Akwai ɗan ƙaramin abu ELM327 mai bulutut da zaka soka a wurin ka haɗa da wayarka ta manhaja irin Torque ko Car Scanner, kuɗinsa bai kai na sensa ɗaya ta kirki ba. Lambobin da zaka fi gani sune P0171 fetur yayi kaɗan, P0172 fetur yayi yawa, P0115 layin sensar ruwa, P0125 inji bai kai zafi da wuri ba, P0135 hitar sensar salansa, P0300 misin. Ka lura P0171 da P0172 basu ambaci sunan wata sensa da ta mutu ba, sakamako kawai suka faɗa. Mai sikana da zai karanta maka lamba ya goge ya karɓi kuɗi yace kaje ka sayi oksijin sensa, wato sensar salansa, rabin aiki yayi maka. Ka rubuta lambar kafin a goge, sannan ka shiga wurin da ke nuna karatun sensa kai tsaye.

Gwajin farko a nan da safe ake yi, mota ta kwana ba'a tada ba. Makulli a ON, ka kwatanta zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji, wato ECT da IAT a manhajar. Tunda duk sun kwana wuri ɗaya ya kamata su zo kusan ɗaya, bambancin digiri biyu uku ba komai. In iska tace 24 ruwa yace 5, to ka kama maƙaryaciyar, kuma irin wannan bata kunna fitila saboda bata mutu ba, karkacewa tayi. In kaga -40 waya ce ta tsinke ko soket ya zare. In baka da sikana mita ma ta isa: sensar Toyota tana bada tsakanin om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, in inji yayi zafi digiri 80 ta sauko wajen om 300. A Camry ɗin nan sensar zafi biyu ce kusa da juna, mai waya biyu ita ce ta kwamfuta, mai waya ɗaya ta allurar dashbod ce kawai, na ga an canza wa mutum mai waya ɗaya ana jiran shan mai ya ragu.

Bayan inji ya ɗau zafi ka duba ko manhaja ta koma CL daga OL, ma'ana kwamfuta ta fara sauraron sensar salansa. Sai ka nemo STFT da LTFT, waɗannan biyun sune kwamfuta ke gaya maka da bakinta nawa take ƙara fetur ko ragewa a kan lissafinta na asali. Haɗa su biyun. In jimlar tana tsakanin -10 da +10 babu wani abin tada hankali. In ta haura +15 ko +20 kwamfuta na ta ƙara mai don tana ganin ya gaza, in ta nutsa -15 ko -20 tana ta ragewa don wani wuri na zuba mata fetur da bata nema ba. Kar ka karanta a silo kaɗai, wato inji na aiki baka taka totur ba, ka karanta a silo, ka riƙe totur allurar juyin inji (RPM) na kan 2,500 na kamar minti ɗaya ka sake karantawa, sannan ka ba wani wayar ya riƙe maka ku hau titi. In lambar na sama a silo amma ka ƙara wuta ta sauko, iska ce ke satar hanya ta wani tsagaggen tiyo ko gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, don a silo iskar da inji ke ja kaɗan ce shi yasa ɓarauniyar ke tasiri. In kuwa a silo lafiya amma kana hawa gada ko ka ɗau kaya lambar na tashi, fetur ne baya isowa, famfon mai ya gaji ko matatar mai ta toshe ko nozul sun cushe, ko kuma sensar iska tayi datti tana ƙirga ƙasa da abin da ke shiga.

A nan dole ka san wace irin sensar iska motarka take da ita don hukuncin ya bambanta. Camry mai V6 wato 1MZ-FE, da Camry daga 2002, da Corolla ta 2003 zuwa sama, MAF garesu, tana zaune a kan bututun iska bayan iya kilina, cikinta wata siririyar waya ce mai zafi da iska ke sanyayawa. Ƙura na manne mata sai ta fara ƙirga ƙasa. Kwance ta da sukuru biyu, ka fesa mata maganin wanke MAF, ka bari ta bushe da kanta. Kar a taɓa wayar da tsinke ko buroshi, kar a wanke da fetur, kar a hura mata iskar falkanaiza. Sannan ka lanƙwasa babban baƙin tiyon da ke tsakaninta da totur ka duba cikin lungunan, a nan yake tsagewa ta ƙasa inda ido baya gani. Corolla ɗin nan kuma ta shahara da gasket ɗin manifol da ke sakin iska in da sanyi ya kawo P0171.

Tawa mai 5S-FE da yawancin Honda Accord na shekarun 1990 kuwa MAP ce, ita matsin iskar cikin manifol take aunawa. A irin wannan in iska na sata yawanci silo ne ke hawa sama ko yayi ta hawa da sauka, bai cika nuna ƙarancin mai ba. Amma in ɗan siririn tiyon da ke zuwa wurin MAP ɗin kanta ne ya tsage, sai ta ɗauka ka taka totur alhali kana tsaye, kwamfuta ta buɗe fetur, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, tiyon da bai kai tsawon hannu ba. Gwajinta: makulli ON inji a kashe ta nuna matsin iskar gari, a Kano wajen 96 kPa, a Jos da take kan tudu wajen 88, to kar ka ga 88 a Jos kace ta lalace. In ka tada inji yayi zafi ta sauko wajen 30 a silo ba AC. In ta tsaya 50 ko 60 ka duba tiyonta, ka duba taimin, ka duba ko bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, ya maƙale a buɗe.

Neman inda iska ke sata, ni na fi son ɗan guntun tiyo, baki ɗaya a kunne ɗayan kana bi dashi gefen manifol har kaji shiiii. Masu fesa maganin wanke kafireta suna jiran silo ya canza, yana aiki amma abin wuta ne, kar ayi kusa da salansa mai zafi ko wayar filogi mai tartsatsi, kuma a ajiye abin kashe gobara a kusa.

To sai yanzu muka zo kan oksijin sensa da kowa ke fara zargi. Ta gaba wadda ke kafin katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa wadda makanikai ke cewa indomi, ita ce ke da hannu a rabon fetur. In tsohuwar irin ce, inji da zafi kana riƙe da 2,500 zaka ga tana lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 da sauri, sau da dama cikin daƙiƙa goma. In ta tsaya wuri ɗaya kar ka yanke mata hukunci sai ka gwada ta: taka totur da ƙarfi sau ɗaya ka saki, ya kamata ta haura sama ta faɗo ƙasa, in ta amsa to tana raye kuma abin da take faɗa gaskiya ne. In ko gezau, ko tana jan jiki kamar hawainiya, ta gaji. Wasu Camry na waɗannan shekarun da aka yi wa jihar Kalifoniya wata iri garesu da ake kira A/F, ita bata lilo, wajen bolt 3.3 take zama, soket ɗinsu na kama da juna amma in aka ɗaura maka wata a madadin wata motar bazata taɓa daidaita ba, don haka ka karanta takardar da ke manne a cikin banet ka sayi mai lambar da ta dace, Denso in da hali. Ka duba salansa daga manifol zuwa sensar, ko ɗan huji ne yana jawo iskar waje, sensa taga iska tayi yawa tace a ƙara mai, baƙin tabo a gefen walda shine alamarsa. Gam ɗin silikon da ake lafta wa gasket ba irin wanda ya dace ba shima yana kashe ta, zaka ganta da farin gari a baki.

Ta bayan katalis kuwa yawancin aikinta a irin waɗannan motocin sa ido ne kan katalis. In an fasa shi an sayar zaka ga P0420, lambar da ke cewa katalis baya aiki, ko da sabuwar sensa, kar ka kashe kuɗi a kanta da sunan rage shan mai.

In lambobi sun nuna fetur baya isa, a sa geji a auna famfo, kar a tsaya kallon yadda yake tsartuwa a cikin roba. Camry 1997 zuwa 2001 tana son wajen 44 zuwa 50 psi, kuma in ka kashe inji kar matsin ya zube nan take, in ya zube nozul na ɗiga ko famfo baya riƙewa, shine motar da ke wahalar tashi in tayi zafi. Wanda ke yawan shan man 'yan bumburutu ko yawo da tanki a ja, ya fara da matatar mai da ragar famfo. Tsofaffin Honda da Camry 1992 zuwa 1996 suna da regileta a kan layin nozul mai ɗan tiyo a kansa, zare tiyon ka shinshina, in da fetur a ciki fatar ta fashe kuma inji na zuƙar ɗanyen mai kai tsaye. Ka sa mita a batir ma inji na aiki, 13.5 zuwa 14.5 ake so, ka kankare wayoyin at, wato na nagetif, da ke jikin inji in sunyi tsatsa, wayar at ɗaya mara kyau tana iya sa sensa uku su haukace lokaci guda.

Masu motocin kafin 1996 ku ma kuna da hanya ba sai da sikana ba. A Toyota akwai ɗan akwati a cikin banet an rubuta DIAGNOSIS, ka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, makulli ON, ka ƙirga ƙiftawar fitilar cek: 21 oksijin sensa, 22 sensar ruwa, 25 ƙarancin mai, 26 yawan mai, 31 sensar iska. A Honda soket ne mai fil biyu ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja, ka haɗa fil biyun ka ƙirga haka nan: 1 oksijin, 3 MAP, 6 sensar ruwa, 7 ta totur.

Duk abin da ka gyara, ɗaya bayan ɗaya zaka yi, in ka canza uku rana ɗaya bazaka san wanne ne ya warkar ba. Goge lambar, in man inji na warin fetur ka juye shi, ka goge filogi ko ka sa sababbi, sai ka cika tanki har famfo ya katse ka mayar da tirif, wato ma'aunin tafiyar da ke dashbod, sifili. Kayi zirga-zirgarka ta kullum kwana huɗu ko biyar, ka koma gidan man nan da famfon nan ka sake cikawa, ka raba tafiyar da litar da ta shiga. In motar 'yar Amurka ce mil take ƙirgawa, ka ninka da 1.6 ka samu kilomita. Ka rubuta a takarda ka ajiye a aljihun mota tare da LTFT na ranar, bayan sati biyu ka sake sokawa ka gani ko lambar ta zauna kusa da sifili, in ta fara hawa kuma ka koma kan gwajin silo da 2,500.